Inda ma'aunin zafi yake yin shiru: littafin aikina kan ɓoyayyen zafi

5 ga Oktoba

Yau na buɗe wannan littafi. Abin da na sa a gaba shi ne in auna da hannuna yawan zafin da ƙanƙara take sha kafin ta narke, da wanda ruwa yake sha kafin ya zama tururi, daga nan in gwada ko kakin kyandir ya fi ruwa riƙe zafi kamar yadda ake faɗa. Alƙaluman na haddace su tun ina makaranta: jul (ma'aunin makamashi) 334 ga kowane giram na ƙanƙara, jul 2,257 ga kowane giram na tafasasshen ruwa. Hadda ce kawai. Ban taɓa ganin sun fito daga bakin alƙalamina ba, kuma gani ya kori ji.

Kayan aikin ba su da yawa: sikeli mai auna giram, ma'aunin zafi na lantarki mai tsinke, kofunan soso guda biyu da na cusa ɗaya cikin ɗaya, hita mai shiga ruwa ƙarama da babba, da wata 'yar na'ura da ake jonawa a soket tana nuna wat nawa ake ja. Ƙanwata ta yarda ta riƙe agogo da biro.

Sai na fara raba wata gardama da kaina. Kalmar "zafi" aiki biyu take yi mana. Akwai abin da ma'auni yake nunawa, shi zan riƙa kira digiri. Akwai kuma makamashin da ake zubawa cikin abu, wanda ake ƙirgawa da jul, shi zan bar wa sunan zafi. Giram ɗaya na ruwa yana buƙatar jul 4.18 kafin ya hau digiri ɗaya. Duk lissafin da zan yi a kan wannan adadi zai tsaya.

6 ga Oktoba

Gwajin farko, na kallo ne kawai. Na farfasa ƙanƙara giram 200, na zuba a ƙaramar tukunya, na ɗora a wuta maras ƙarfi, ina juyawa, ƙanwata tana rubuta digiri duk bayan daƙiƙa 30.

Daga 15 ƙasa da sifili zuwa sifili ko rabin minti bai cika ba. Daga nan lambar ta kafe. Sifili, ɗaya, sifili, sifili. Wuta tana ci, ƙanƙara tana raguwa a kan idonmu, ma'auni ya yi gum. Bayan minti uku ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wannan abin naka fa ya lalace." Na ce ta taɓa tsinken da yatsa. Lambar ta yi tsalle. Ta mayar cikin tukunya, ta koma sifili. Sai da gutsuren ƙarshe ya ɓace, wajen minti huɗu da rabi, sannan lambar ta fara hawa, cikin minti shida ta kai tafasa. A nan ta sake kafewa, wannan karon fiye da rabin awa, har tukunya ta ƙafe. Ƙanwata ta gaji da rubuta lamba ɗaya ta ajiye biro.

Da na zana sakamakon a takarda sai ya fito kamar matakala mai faɗin bene biyu, na biyun ya fi duk sauran zanen tsawo. Wato a cikin kusan minti arba'in da muka yi muna zuba zafi, ma'aunin ya motsa ne a cikin shida da 'yan kai kawai.

Ina zafin yake tafiya? A cikin ƙanƙara, ƙananan ƙwayoyin ruwa a jere suke, kowace tana riƙe da huɗu na kusa da ita. Digiri labarin saurin motsinsu ne. Zafin da ya shiga lokacin narkewa bai ƙara musu sauri ba, ya tafi wajen wargaza jerin; shi ake kira ɓoyayyen zafi. Bayan an narke ma ba su saki juna gaba ɗaya ba, suna zamewa ne a jikin juna. Sai a tafasa ake raba su kwata-kwata, shi ya sa aikin can ya ninka na narkewa kusan sau bakwai.

Wani abu: ruwan ya tafasa a 99, ba 100 ba. Na gwada ma'aunin a ruwan ƙanƙara ya ba ni sifili daidai, don haka ba laifinsa ba ne. Nauyin iska ne. Duk hawan kusan mita 300 sama da teku yana rage wa tafasa digiri ɗaya.

12 ga Oktoba

Awo na gaske. Ruwa giram 200 mai digiri 40 a kofin soso, a jefa ƙanƙara giram 50, a juya har ta narke, a karanta digiri mafi ƙasa. Zafin da ruwan ɗumi ya rasa, shi ne ya narkar da ƙanƙarar ya kuma ɗumama ruwan da ta zama. Idan littafi ya yi gaskiya, a 16 ya kamata a tsaya. Na zaɓi 40 da gangan: ɗakin yana 28, to farkon gwaji kofi yana zubar da zafi zuwa ɗaki, ƙarshensa yana sha daga ɗaki, tazarar 12 sama da 12 ƙasa, asara da riba su kashe juna.

Na samu 18. Lissafi ya ba ni jul 293. Na sake, 18 da ɗigo biyu. Ƙasa da 334 da kusan kashi goma sha biyu cikin ɗari, kuma ba na son in ce "kuskuren gwaji" in wuce, don wannan kalma rumfar malalata ce.

13 ga Oktoba

Na kwana da abin a rai. Ruwa ba ya tsami banza. Da asuba na gane: ƙanƙarar ta yi minti goma a faranti kafin in auna ta, duk jikinta ya jiƙe. Sikeli bai san bambancin ƙanƙara da ruwan da ya manne mata ba. Na auna giram 50, amma shida daga ciki sun riga sun narke, sun sha jul ɗinsu daga iskar ɗaki tun kafin su shiga kofina.

Sai na ce bari in ɗauko ta kai tsaye daga firiza, busasshiya ƙarau. Na samu 14.5, wato jul 366. Yanzu kuma na zarce. Dalili a fili yake: tana fitowa da sanyin 18 ƙasa da sifili, kuma kowane giram na ƙanƙara yana cin jul 2.1 a kan kowane digiri kafin ya iso sifili. Wannan ƙarin jul 38 ne da na lissafa a matsayin na narkewa alhali ba nasa ba ne. Gaba kura, baya sayaki.

Mafita: a bar ƙanƙara cikin ruwan ƙanƙara na ɗan lokaci har ta zauna a sifili ciki da waje, a tsamo, a goge ta tas da tawul, a jefa nan take. Nauyinta kuma a same shi daga baya, ta hanyar auna kofin kafin da bayan. Gwaji uku: 16.5, 16.4, 16.6. Matsakaici jul 324.

Saura goma. Na duba sai na ga rabin digiri a wannan tsari daidai yake da jul goma. Ma'aunina ba zai iya rantsuwa a kan rabin digiri ba, ga shi kuma ban lissafa ɗan zafin da kofi da tsinken suka bayar ba. Na karɓi 324.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne manya ma wannan ruwa mai mannewa ya wahalar da su. Masana kimiyya Lavoisier da Laplace a Faransa, a hunturun 1782 zuwa 1783, sun ƙera na'urar auna zafi wadda take aiki da ƙanƙara: a sa abu mai zafi a tsakiya, a tari ruwan da ya narke, a auna. Rauninta shi ne ba duk ruwan yake saukowa ba, wani yana maƙalewa a tsakanin gutsattsarin. A 1870 wani masani, Bunsen, ya kauce wa matsalar, ya daina tarar ruwa, ya koma auna raguwar girma, tunda ƙanƙara ta fi ruwan da take zama cin wuri da kusan kashi tara cikin ɗari.

19 ga Oktoba

Ban taɓa kayan aiki ba yau, karatu na yi a kan Joseph Black, malamin da ya raɗa wa ɓoyayyen zafi suna a Gilasgo ta ƙasar Sikotlan wajen 1761. Kalmar da ya zaɓa daga Latin take, ma'anarta abin da ya ɓuya. Hujjarsa ta farko ba ta buƙaci na'ura ba: da ɗan ƙarin zafi kaɗan ne yake narkar da ƙanƙara kamar yadda aka ɗauka a lokacin, da duk dusar ƙanƙarar hunturu ta narke lokaci guda ranar da iska ta fara ɗumi, ambaliya ta share ƙasa. Tunda tana ɗaukar makonni, akwai zafi mai yawa da yake shiga ba a gani.

Gwajin nasa ya fi nawa haƙuri. Ya rataye gilashi biyu a ɗaki mai ɗumi, ɗaya da ruwa mai sanyi, ɗaya da ƙanƙara mai nauyi iri ɗaya. Ruwan ya hau digiri 7 na Fahrenheit cikin rabin awa. Ƙanƙarar sai da ta yi awa goma da rabi kafin ta narke ta kai wurin. Daga nan ya fitar da cewa zafin narkewa zai iya ɗaga ruwa digiri 140 a ma'aunin Fahrenheit, kusan 78 a namu na Celsius. Adadin yau 80 ne. Nawa, 324 raba 4.18, ya ba da 77.5. Wato da sikelin lantarki da komai, ban kai mutumin da ya zauna gadin gilashi biyu ba. To, madalla.

26 ga Oktoba

Tururi. Tulun ƙarfe a kan sikeli, ruwa a ciki, ƙaramar hita tana jan wat 480. Na bari ya tafasa sosai, sannan muka fara ƙirga. Cikin minti biyar sikeli ya ragu da giram 57. Wat ɗaya jul ɗaya ne a kowace daƙiƙa, to 480 sau 300 ya ba da jul 144,000. A raba da 57: jul 2,526.

Ya yi yawa, kuma wannan karon na san dalili kafin in gama rubutawa. Jikin tulun yana da zafin da ba a iya taɓawa, yana ɗumama ɗaki da lantarkin da nake lissafa wa tururi. Na naɗe shi da tawul, ya ragu kaɗan, bai warke ba.

Garin gyara tawul ɗin na miƙa hannu ta saman bakin tulu. Ƙiftawar ido ce, amma wuyan hannuna ya tashi. Ƙanwata ta ce, "Sannu Yaya. Amma ba ka ce shi da ruwan digirinsu ɗaya ba ne?" Ɗaya ne. Sai dai giram ɗaya na tafasasshen ruwa, idan ya sauka a fata ya huce zuwa ɗumin jiki, jul 270 ko kusa zai bayar. Giram ɗaya na tururi sai ya fara komawa ruwa tukuna, ya sauke duk 2,257 ɗin da ya ɗauko, sannan ya ƙara da 270. Ninki tara. Zafin ba ɓacewa ya yi ba, ajiya ce, kuma a kan fatata aka dawo da ita. Na yi wannan bayani hannuna yana ƙarƙashin famfo.

2 ga Nuwamba

Na kira tsohon malamina na kimiyya, wanda ya yi ritaya. Bayan gaisuwa na zayyana masa matsalar asarar zafi, ina neman abin da zan naɗe tulun da shi. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ka daina faɗa da asarar. Ka bar ta, ka sa ta biya kanta. Hita biyu gare ka ko ɗaya?" Na ce, "Biyu, Malam." Ya ce, "To me kake jira?"

Sai da na ajiye waya na fahimta. Ko da ƙaramar hita ko da babba, ruwan a digiri ɗaya yake tafasa, jikin tulu a zafi ɗaya yake, don haka asarar minti biyar iri ɗaya ce. Idan aka ɗebe gwaji ɗaya daga ɗaya, ta fita daga lissafi ba tare da an san ko nawa ce ba. Shirun ma'aunin da ya ruɗe mu ranar farko, shi ne yau ya zama makami.

Babbar hita, wat 950, ba tawul kamar awon farko na ƙaramar hita: giram 120 cikin minti biyar. Ita kaɗai tana ba da 2,375. Amma bambancin wat 470 ne, sau 300, jul 141,000, bambancin nauyi kuma giram 63. Sakamako: 2,238. Tsakaninsa da na littafi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ɗan gibin ma ina zargin ɗigon da yake fantsama waje idan tafasa ta yi ƙarfi, wanda sikeli yake ɗauka tururi ne. Ba zan ɓoye ba, akwai sa'a a ciki, don giram ɗaya a sikeli yana motsa amsar da jul 35. Sai na maimaita sau biyar kafin in yi alfahari.

Wannan adadi ne ya ba James Watt mamaki a Gilasgo, lokacin da yake gyaran ƙaramin injin tururi na jami'a. Ya ga tururi yana iya kai ruwan sanyi mai nauyinsa sau shida ga tafasa. Ya kai wa Black, Black ya bayyana masa dalili. A 1765 Watt ya zo da dabarar sanyaya tururi a wani mazubi dabam, domin a daina sanyaya silinda ana sake ɗumama ta a kowane bugu. Na gwada lissafin: ruwa mai digiri 11 yana buƙatar jul 372 a giram kafin ya kai 100, kuma 2,257 raba 372 shida ne.

9 ga Nuwamba

Ɗan gajeren gwaji. Na naɗe tsinken ma'auni da jiƙaƙƙen ƙyalle na sa gaban fanka: daga 28 zuwa 21. Ƙafewa ba ta jiran tafasa, kuma a zafin ɗaki ta fi tsada, wajen jul 2,440 a giram. Aikin gumi ke nan. Firji ma haka: wani sinadari mai ruwa-ruwa da yake yawo a bututunsa yana zama iska a ciki ya kwashi zafi, ya koma ruwa-ruwa a baya ya sauke.

16 ga Nuwamba

Kaki. A nan ne aikin ya fara ba ni kunya a kan abin da na zo da shi a kai.

Na narkar da giram 100 a gwangwani da na tsoma cikin ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, don kaki yana kamawa. Na bar shi yana hucewa muna rubutawa. Na zaci zan ga layi a shimfiɗe kamar na ƙanƙara. Gangara na gani mai laushi, daga wajen 59 zuwa 53, ta ɗauki lokaci mai tsawo amma ba ta tsaya cak ba. Dalili: kakin kyandir gauraye ne na ƙwayoyi masu tsawo dabam-dabam, kowane iri da digirin da yake daskarewa. Ruwa iri ɗaya ne zalla.

Ɓoyayyen zafin kaki yana wajen jul 200 a giram. Idan ana son a riƙe abu tsakanin 60 da 50, kilo ɗaya na kaki zai ba da jul 220,000 ko kusa, kilo ɗaya na ruwa 42,000 kacal. Ninki biyar, kuma wannan ne adadin da masu yabon kaki suke faɗa. Amma a buɗe tazarar, daga 90 zuwa 30: ruwa 251,000, kaki wajen 326,000. A ƙara da cewa narkakken kaki ya fi ruwa sauƙi, lita ɗaya giram 800 ce ko ƙasa, sai a ga a mazubi mai girma ɗaya kusan kunnen doki suka yi. Kaki bai fi ruwa ɗaukar zafi ba sai a ƴar siririyar tazarar da yake narkewa. Amfaninsa shi ne tsayar da digiri a wuri ɗaya, wanda ruwa ba ya iyawa.

Ga wata matsala da lissafi bai nuna mini ba. Kakin yana fara daskarewa daga jikin gwangwani, ɓawon ya zama bargo, zafin tsakiya ya rasa hanyar fita. Bayan awa ɗaya waje ya huce, na soka tsinke a tsakiya na tarar da ruwa-ruwa. Saman kuma ya lotsa ya yi rami, don shi tsukewa yake yi idan ya daskare, saɓanin ruwa. Idan zan haɗa akwatin riƙe zafi da kaki, dole ya sami siraran faranta na alminiyom a cikin kakin, ko kuma a zuba shi a mazubai masu faɗi marasa kauri.

23 ga Nuwamba

Kwalba huɗu na tataccen ruwa a firiza, ɗaya da tsinken ma'auni ta cikin murfi. Uku sun daskare kamar kullum. Ta huɗun, mai tsinken, bayan awa biyu da rabi tana nuna 6 ƙasa da sifili, kuma ruwa ce garai-garai. Fahrenheit, masanin da ma'aunin nan yake ɗauke da sunansa, ya ba da rahoton irin wannan tun 1724: idan babu ƙura ko ƙarcen da ƙanƙara za ta fara kafuwa a kai, ruwa yana iya wuce sifili bai daskare ba.

Na fito da ita a hankali, na buga gindinta a tebur. Fari ya sauko daga sama zuwa ƙasa cikin daƙiƙa uku. Ƙanwata tana kallon kwalbar, ni ina kallon ma'auni: daga 6 ƙasa da sifili ya yi tsalle zuwa sifili. Ruwa ya daskare, kuma ya ƙara ɗumi. A duk gwaje-gwajen nan, yau ne kawai na ga ɓoyayyen zafi ya fito fili a kan ma'auni.

Ta matsa kwalbar ta ce, "Yaya, ai ba ta yi tauri ba." Ba za ta yi ba. Ɗaga giram ɗaya digiri shida yana cin jul 25, kuma 25 cikin 334 bai kai kashi takwas cikin ɗari ba. Da wannan ɗan kason ya daskare, zafin da ya saki ya kai sauran sifili, aikin ya tsaya. Abin da ya cika mana ido siraran allurai ne na ƙanƙara, ruwa yana kwance a tsakaninsu.

30 ga Nuwamba

Na maimaita gwajin hita biyu sau uku: 2,238, 2,274, 2,203. Saura biyu.

Canjin da ya rage shi ne daga daskararre kai tsaye zuwa iska, ba a bi ta ruwa ba. Ga ƙanƙara kuɗinsa wajen jul 2,830 ne a giram, na narkewa da na ƙafewa a sanyin sifili a haɗe. Ba ni da kayan auna wannan zafi, amma zan iya ganin abin yana faruwa. Ranar 16 na ajiye faifan ƙanƙara a buɗe cikin firiza, giram 40. Yau 38, gefensa ya yi sulɓi, babu alamar ɗigo a farantin. Zan ci gaba da auna shi duk Lahadi.

Na yanka faranta shida na alminiyom don gwangwanin kaki. Gobe zan zuba gwangwani biyu, ɗaya da faranta ɗaya babu, tsinke a tsakiyar kowanne, don haka sai na aro ma'auni na biyu wurin Malam.